Baƙin Nguru a Tafkin Rutland

Jirgin ƙasan da ke tasowa daga Birmingham ya nufi gabas yakan tsaya a Lesta, ya tsaya a Melton Mowbray, sannan Oakham. Tafiyar kusan rabin awa ce daga Lesta, inda nake karatu. A Oakham na sauka wata safiyar Asabar a ƙarshen watan Maris, da jaka a baya, da fulas ɗin shayi, da madubin hangen nesa na aro. Shi ne babban garin Rutland, gundumar da ta fi kowace ƙanƙanta cikin tsofaffin gundumomin Ingila. Daga tasha zuwa ƙauyen Egleton, inda ƙofar gandun tsuntsayen take, kamar mil biyu ne, sai na taka da ƙafa.

Sanyi yana nan, amma ya fara sassautawa. Itatuwa ba ganye, sai ka matsa kusa za ka ga toho ya kumbura a kan rassa. Ƙayar da ta shinge gonaki kuwa ta yi fararen furanni tun ganyenta bai fito ba. Tumaki sun haihu, 'ya'yan suna ta tsalle a fili. A gida iyanzu bazara ta kama, zafi ya fara fitar da mutane kwanan tsakar gida. Ni kuwa ga ni hannu cikin aljihu, hanci yana yoyo.

Ni ɗan Nguru ne. Duk wanda ya tashi a can ya san cewa da damina ta ɗauke, ruwan kogin Haɗeja da na Jama'are ya gama malale fadama, sai tafki ya cika da agwagin daji. Akwai namu na gida, su kirinjijiya da dinya da dani, waɗanda ba sa yin nisa. Akwai kuma waɗanda ke zuwa gab da hunturu, su yi watanni suna kiwo a gefen shinkafa, kafin zafi ya tsananta ka wayi gari babu su. Muna yara cewa kawai muke sun tafi. Ina suka tafi? Ba wanda ya taɓa damuwa ya tambaya. Abin da ya fito da ni daga ɗaki ranar ke nan: in ga inda irin waɗannan baƙi suke sauka idan sun bar mu.

Tafkin Rutland ba na Allah-da-annabi ba ne, dam ne. A shekarun 1970 aka datse wani ɗan kogi mai suna Gwash a kusa da Empingham, aka riƙa turo ruwa da famfo daga kogunan Welland da Nene har kwarin ya cika, domin a shayar da garuruwan gabashin Ingila. A faɗin ruwa babu dam ɗin da ya kai shi a Ingila. Ya ci gonaki, ya ci ƙauyen Nether Hambleton, kamar yadda Kainji ta ci tsohuwar Bussa. Abin da ya bambanta shi shi ne tun ana haƙa aka ware ɓangaren yamma aka ce na tsuntsaye ne. Aka tona ƙananan tafkuna marasa zurfi, aka tara tsibirai, aka shuka ciyawar ruwa. Kamfanin ruwa na Anglian Water ke da wurin, ƙungiyar kare namun daji ta Lesta da Rutland ke kula da gandun. A 1991 aka sa shi cikin jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar. Tafkin Nguru da mashigin Marma sun shiga wannan jeri a shekarar 2000, su ne na farko a Najeriya. Ashe takarda ɗaya ta haɗa mu.

A ofishin shiga na biya kuɗi aka ba ni taswira. Jikin bango akwai farin allo da ake rubuta duk tsuntsun da aka gani, da wurin, da ranar. Na daɗe a gabansa. Mutanen nan suna rubuta ranar da suka fara ganin kowane tsuntsu a shekara, su kwatanta da ta bara da ta bara waccan. Mu ma muna da namu: ba manomin da bai san cewa idan shamuwa ta sauka kan tsamiya lokacin gyaran gona ya yi ba. Sai dai namu a ka yake, nasu a littafi.

Gandun cike yake da bukkokin katako, sun haura talatin, kowace da benci da 'yan tagogi masu murfi. Ka shiga a hankali, ka ja ƙofa, ka ɗaga murfin taga, ka yi shiru. Shirun nan ya fi komai yi mini wuya da farko. Mutum shida a ɗaki ɗaya, kafaɗa na gogar kafaɗa, ba sallama ba gaisuwa, sai raɗa. Amma da ka tambayi ɗayansu sunan tsuntsu, to ka buɗe famfo.

A ƙarshen Maris tafkin nan tashar mota ce: wasu na lodi za su arewa, wasu yanzu suka sauka daga kudu. Masu shirin tafiya su ne agwagin da suka yi hunturu a Ingila saboda ruwan ƙasashensu ya daskare. Na ga garken wasu masu jan kai da goshi ruwan ƙwai suna kiwon ciyawa a gaɓa, mazan suna ta fito, an ce mini nan da 'yan makonni za su kama hanyar Aisland da Rasha da ƙasashen Sikandinabiya. Ga wasu baƙi da fari masu idanu ruwan zinariya, namijin yakan wurga kansa baya har ƙeya ta taɓa gadon baya, ya dawo da shi da sauri, duk don mace ta kalle shi. Ita kuwa nutsonta kawai take yi. Sai ga mai faffaɗan baki, kai kore, ƙirji fari, gefe ja, tana tafe baki cikin ruwa tana tace abinci. Wannan na san ta. Irinta na zuwa fadamar Nguru, ita da wata mai dogon wuya da tsinin wutsiya.

Wani dattijo da ke kusa da ni, mai na'urar hangen nesa a kan ƙafa uku, ya taɓa ni ya nuna tsakiyar ruwa. Wasu tsuntsaye biyu ne masu dogon wuya da tukku, da gashi ja da baƙi a gefen fuska. Suna fuskantar juna suna girgiza kai, wannan ya yi wancan ya amsa. Can sai duka suka nutse, kowa ya fito da ciyawa a baki, suka rugo suka haɗa ƙirji, suka miƙe tsaye a kan ruwa suna buga ƙafa. Bai wuce 'yan daƙiƙu ba. Dattijon ya ce a tsakiyar ƙarni na 19 saura kaɗan a ƙarar da su a ƙasar, saboda mata na ado da gashinsu a hula da wuyan riga. Yaƙi da wannan ciniki ne ya haifi babbar ƙungiyar kare tsuntsaye ta Birtaniya, RSPB, wadda wata mata, Emily Williamson, ta fara a Manchester a 1889. Yau ba tafkin kirki a Ingila da ba za ka ga tsuntsun ba.

Ya tambaye ni daga ina nake. Da na ce arewacin Najeriya, kusa da tafkin Chadi, sai ya sauke ido daga na'ura ya dube ni sosai. Ya ce to in taso, akwai 'yan garinmu a tafki na gaba.

Tsattsewa ce, ƙanana, bayansu ƙasa-ƙasa, cikinsu fari, da ɗan zane a ƙirji. Sun kai ashirin ko fiye, suna shawagi dab da ruwa suna kama ƙwari. Irin da ke haƙa rami a gaɓar kogi ce, kuma a nan an gina musu bango mai ramuka da aka cika da yashi don su samu wurin yin sheƙa. Suna cikin na farkon da ke isowa Ingila daga Afirka, tun sanyi bai gama tafiya ba. Nauyin ɗaya bai kai giram goma sha biyar ba. Da wannan jiki ta ƙetare Sahara, ta ƙetare Bahar Rum, ta ratsa Sifen da Faransa.

A nan ne dattijon ya ba ni labarin da har yau yake yi mini yawo a ka. A 1969 masu ƙirga tsuntsaye a Birtaniya suka fita kamar kullum, sai suka tarar wasu sun ɓace. Wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro da ke cika kowane shinge ya ragu da fiye da rabi cikin shekara ɗaya tak. Tsattsewar gaɓa ma ta faɗi warwas. Aka duba gona, aka duba maganin feshi, aka duba yanayi, ba a ga dalili a Ingila ba. Sai daga baya aka gano ruwan sama ne ya gaza a Sahel a daminar 1968. Tsuntsayen sukan tsaya a bakin hamada su ci su tara kitsen da zai ƙetarar da su. Da suka tarar tafkuna sun ƙafe, ba ƙwari ba 'ya'yan itace, sai suka shiga Sahara da yunwa suka mutu a hanya. Haka aka sake yi bayan farin 1983 da 1984.

Na yi shiru ina lissafi. Farin da ya fara a ƙarshen shekarun 1960 shi ne ya kai ga bala'in 1973, wanda tsofaffinmu ba sa son tunawa, lokacin da shanu suka zube, mutane suka gangaro daga arewa ba komai a hannu. Wato tun duniya ba ta ji kukan mutanen Sahel ba, wani Bature da littafi a hannu a bakin shinge ya riga ya ga alamar, bai dai san abin da yake gani ba. Ban san ko in ji daɗin wannan ko in ji haushi ba. Abin da na tabbata shi ne ruwan da ya kwanta a fadamar Haɗeja da ta Mali a watan Oktoba yana da hannu a yawan tsuntsun da zai yi kuka a Ingila a watan Afrilu.

Wajen ƙarfe sha ɗaya wata mata ta leƙo bukkar ta yi wa dattijon raɗa, sai na ga kowa na naɗe kaya. An ga gargani a wani tafki can gaba. Muka bi su cikin taɓo, ni da takalmin da bai dace da wurin ba. Bukkar ta cika, aka matsa mini. Na ɗauki lokaci kafin in gan shi, don yana can gefen ciyawa yana shiga yana fita. Ɗan ƙaramin agwagwa ne, kai ruwan ƙasa mai duhu, da farin zane mai kauri daga saman ido ya lanƙwasa zuwa ƙeya, gefensa toka-toka, wasu dogayen gashi sun zubo daga kafaɗa. Macen tana bayansa, ba ado. Su biyu ke nan. Mutum kusan ashirin sun taru a kan agwagwa biyu.

Dariya ta kusa ƙwace mini. Wannan ai shi ne wanda ke rufe ruwa a Dagona da Baturiya, can dausayin wajenmu, dubbai, idan suka tashi gaba ɗaya sai ka ji iska ta canza. Amma da na ji bayani sai na gane dalilin ɗokin. Duk sauran agwagin da ke baƙunta Birtaniya hunturu suke zuwa yi. Wannan kaɗai ne ke zuwa haihuwa ya koma Afirka kafin sanyi, kuma waɗanda ke yin sheƙa a ƙasar duka ba su fi ɗari ko makamancin haka na ma'aurata ba. Mafi yawan danginsu a bakin kogin Senegal, da fadamar kogin Kwara a Mali, da yankin tafkin Chadi suke hunturu. Na wajenmu akasari gabashin Turai da Rasha suke nufa, don haka ba zan rantse cewa wannan ya taɓa shan ruwan Nguru ba. Duk da haka na ji kamar na haɗu da ɗan unguwarmu a filin jirgi.

Matar da ta kawo labarin ta ce, cikin murna, sun dawo gida. Ban yi musu da ita ba, baƙo ba ya gardama a gidan mutane. A zuciyata dai na ƙirga watanni: daga Oktoba zuwa Maris yana wurinmu, daga Maris zuwa Agusta ko Satumba yana wurinsu. A nan yake haihuwa, a can yake ƙiba. Kowa ya yanke hukuncin da ya ga dama.

Wani abin dariyar ya biyo baya. Muna cin abinci a benci, dattijon ya ciro waya ya nuna mini hoton da ya ce ya yi tafiya mai nisa kafin ya ɗauka. Na duba, na sake dubawa. Balbela ce, tsaye a bayan saniya. Na ce masa a garinmu ko yaro ba ya ɗaga kai ya kalle ta. Ya ce a 2008 ta fara yin sheƙa a Birtaniya, a Somerset, kuma yana saurayi ganinta sai a littafi. 'Yar'uwarta mai baƙin baki da rawayar ƙafa ita ma sai 1996 ta fara haihuwa a ƙasar, yanzu ga ta nan ko'ina a gaɓar Rutland. Hunturu ya rage zafin sanyi, tsuntsayen kudu suna ta hawowa arewa. Zalɓe kuwa daman nasu ne kamar yadda yake namu, yana nan tsaye da ƙafa ɗaya yana jiran rabo.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a ɓangaren Egleton ba tsuntsu ba ne, ruwa ne. Kowane ƙaramin tafki yana da ƙofar da ake ɗagawa ko a sauke. Lokacin da ake son taɓo ya fito don masu dogayen ƙafa su yi kiwo, sai a rage ruwa. Lokacin da ciyawa ta nemi cinye fili, sai a yanke ta, ko a saki shanu da tumaki su yi aikin. Ciyawar ruwan da suke lallaɓawa a nan, har da 'yar'uwar kacala a ciki. Mu kuwa kacala ta zame mana annoba. Tun da aka gina dam ɗin Tiga a 1974, aka ƙara da Challawa a 1992, ruwa ya daina zuwa da ƙarfi ya ja baya a lokacinsa kamar da. Inda ya riƙa kwanciya shekara zagaye, kacala ta kafu, ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonakin shinkafa da wuraren su, ta zama gidan jan-baki mai cinye hatsi. Ciyawa kusan iri ɗaya, dam a nan dam a can. Bambancin shi ne a nan akwai mai riƙe da ƙofar ruwa yana tunanin abin da ke ƙasa da shi.

Ba wai ba a taɓa kula da namu ba. An kafa shirin kare dausayin Haɗeja da Nguru a 1987, da hannun RSPB ɗin nan a ciki, kuma mijin Sarauniyar Ingila ta wancan lokaci, Yarima Philip, ya je Dagona da kansa a 1989. Dagona tana cikin gandun ƙasa na Chad Basin. Amma a Birtaniya tun 1947 'yan sa-kai ke fita suna ƙirga agwagin tafkuna a watannin sanyi, ba don an biya su ba. Dattijon nan yana cikinsu. Wannan naci shi ne abin da na yi musu hassada a kai, ba na'urorinsu ba.

Bayan na yi azahar a wani lungu bayan shinge, da alwalar ruwan gora mai sa haƙora kaɗawa, dattijon ya ce zai wuce Lyndon a gefen kudu, in ina so ya rage mini hanya. A can ake kallon shahon kifi. Daga ofishin Lyndon akwai 'yar tafiya a gefen ruwa zuwa bukkar da ke fuskantar mashigin Manton, inda aka kafa dogon turke cikin ruwa da faranti a sama. A kan farantin akwai tulin itace, a kan tulin akwai macen: fari a ciki, ruwan ƙasa a baya, baƙin zane ya ratsa ido. Ba ta daɗe da isowa ba. Namijin ya zo da reshe a ƙafa ya ajiye, ta ɗauke ta canza masa wuri.

Tarihinsu a nan na hannun mutum ne. An ƙarar da su a Ingila tun shekarun 1840, da bindiga da satar ƙwai. A Sikotland ma sun ɓace a farkon ƙarni na 20, sai a 1954 suka dawo da kansu. Da yake namijin yakan koma kusa da inda ya fara tashi ne ya yi sheƙa, yaɗuwarsu kudu ta yi jinkiri. Sai aka ɗebo 'ya'ya 64 daga sheƙunan Sikotland tsakanin 1996 da 2001, aka raine su a keji a bakin Rutland, aka sake su, don su ɗauka nan ne gida. Dabarar ta ci. A 2001 aka ƙyanƙyashe ɗan fari, kuma daga lokacin sama da ɗari biyu sun tashi daga wannan yanki. Yawancinsu a gaɓar Senegal da Gambiya da Gini suke hunturu, tafiyar kusan mil dubu uku. Miji da mata ba sa tafiya tare, kowa da hanyarsa da masaukinsa, a sheƙa suke haɗuwa. Ɗan da aka haifa bana shi kaɗai zai tafi a watan Agusta ko Satumba, ba mai nuna masa hanya, kuma galibi sai ya shekara biyu kafin ya waiwayo Turai. Na so in ga ya faɗa ruwa ya cafko kifi, amma ranar gini ne a gabansu.

Da yamma dattijon ya zaga da ni ta Normanton in ga cocin da ruwa ya kewaye. Lokacin da za a cika dam ɗin an yi niyyar rushe shi, mutanen yankin suka tashi tsaye, aka cike ƙasansa da duwatsu, aka yi masa hanya daga gaɓa. Yanzu ɗaurin aure ake yi a ciki, da ɗaukar hoto. Ya sauke ni a tashar Oakham, muka yi musabaha, bai tambayi sunana ba ni ma ban tambayi nasa ba.

Ina jiran jirgi na kira kawuna, wanda ya yi rayuwarsa yana su a tafkin Nguru.

"Kawu, barka da yamma. Ya zafi?"

"Zafi sai godiya, ɗan nan. Kai ya sanyin Turawa?"

Na tambaye shi ko ƙananan agwagin nan masu farin gira suna nan. Ya ce sun yi sauƙi ƙwarai, kullum raguwa suke, saura kirinjijiya. Na ce masa yau na ga biyu a Ingila, mutane sun taru a kansu har da masu na'ura.

"Biyu?"

"Biyu, Kawu."

Ya yi shiru kaɗan. "To, ana cin su a can?"

Na ce akwai agwagin da doka ta yarda a harba, daga farkon Satumba zuwa ƙarshen Janairu, amma wannan ba ya ciki, ko sheƙarsa ka taɓa sai ka je kotu. Ya ce lallai, shi ya sa suke ɗokin komawa. Sannan ya ce in gaya wa Turawan su zo su taya su sarar kacala, tunda agwagin na kowa ne.